Ihun da muke yi wa dariya

Mu da muka tashi a ɗakunan PlayStation na Damagaram, mun haddace ihun sojojin wasannin yaƙi irin su Call of Duty. Bajamushe ya ce "Achtung", wato hattara. Ɗan Rasha ya ce "Davai", wato maza mu je. Mu dai kwaikwayo muke, muna ƙyaƙyata dariya.

Ran nan wani malamin lise ya tsaya bayanmu, ya ce: "Yara, kun san 'Sanitäter'? Mai magani yake kira, an harbe shi." Wallahi ɗakin ya yi tsit. Yaƙin 1939 zuwa 1945 ne fa, wanda Faransa ta kwashi kakanninmu ta kai.

Har yau muna wasan, amma kalmar nan mun bar yi mata dariya. Ƙannenku fa, sun sani?