Abin da kunne ya koya mini a labaran masu binciken Ingila

Na daɗe ina karanta labaran binciken kisan kai na marubutan Birtaniya, amma sai da idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu na koma sauraronsu a waya, wani yana karantawa ni kuma ina kishingiɗe bayan isha'i. Littattafan dai su ne na da, na Arthur Conan Doyle da Agatha Christie da tsararrakinsu. Kunne ne ya nuna mini abin da ido ya yi shekaru yana tsallakewa.

1. Mai ba da labari ya fi gwanin bincike riƙe zuciya. A da ina ɗaukar Dokta Watson ɗan rakiya ne kawai, wanda aka ajiye don ya yi ta mamaki Sherlock Holmes yana yi masa bayani. Da na fara sauraro sai na lura muryar da ke cikin kunnena tasa ce. Shi ne likitan soja da ya dawo daga yaƙin Afganistan da rauni, aljihu ba nauyi, yana neman wanda za su raba kuɗin haya a Landan, har aka haɗa shi da Holmes suka kama ɗakuna a lamba 221B, titin Baker. Haka labarin farko, *A Study in Scarlet*, ya soma a 1887. Doyle ya rubuta dogayen labarai 4 da gajeru 56 a kan Holmes, kuma kusan duka daga bakin Watson suke fitowa. Akwai biyu na 1926 da Holmes ya ba da labarin da kansa, kuma duk da basirar tana nan, ba su da armashi a kunnena. Mutumin da ya riga ya san amsa ba ya iya sa gabanka ya faɗi. Watson kuwa yana tsorata, yana jin tausayin matar da ta shigo tana rawar jiki, yana jin haushi idan abokinsa ya ɓoye masa abu. Ni ma haka nake ji, shi ya sa nake binsa.

2. Kunne ba ya komawa baya. Mai littafi a hannu yana iya juya shafi ya duba ƙarfe nawa aka ce an ji ƙarar bindiga. Mai sauraro kuwa, ko da wayar tana da maɓallin komawa, bai san inda zai koma ba, don bai san wace magana ce ta wuce shi ba. Dole ya kasa kunne tun farko. A nan na gane adalcin da ke cikin wannan irin rubutu. A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika kuma marubuci, ya tsara ƙa'idoji goma: kada aljanu su shigo cikin warware matsala, kada a yi amfani da gubar da ba wanda ya taɓa saninta, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa mai karatu ita. Christie ta san guba da gaske, domin ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a garinsu Torquay lokacin Yaƙin Duniya na Farko, kuma da wannan sanin ta gina littafinta na farko da ya fito a 1920, inda Hercule Poirot ɗan Beljiyam ya bayyana. Dabararta ita ce ta ajiye alamar a tsakiyar surutun da ba ka ɗauka da muhimmanci ba: wata tsohuwa tana ƙorafin lambu, wani bawan gida yana faɗin kujerar da ya tarar an matsar. Littafinta na 1926, *The Murder of Roger Ackroyd*, shi ne ya fi girgiza ni. Na saurare shi da muryar Hugh Fraser, kuma da aka zo ƙarshe na zauna shiru na ɗan lokaci, sannan na sake kunna shi daga farko. Komai yana nan a fili. An faɗa mini, da kunnena na ji, na bar shi ya wuce saboda na yarda da abin da nake son yarda da shi.

3. Mai laifi ɗan gida ne. Miss Marple ta labaran Christie, tsohuwar da ke zaune a ƙauyen St Mary Mead tana saƙa, ba ta auna sawun ƙafa. Sai dai ta ce wannan mutumin ya tuna mata da wane, wanda ya taɓa cin amanar maigidansa. A waɗannan labarai ba kasafai ɓarawo ke haurowa ta katanga ba. Gado ne, ko bashi, ko wani tsohon asiri da ake tsoron tonuwarsa, kuma wanda ya aikata yana zaune ana shan shayi da shi. Duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya ga yadda fuskokin 'yan uwa ke sauyawa ba zai ce wannan halin Turawa ne kaɗai ba.

4. Son abu ba ya hana ganin aibinsa. An rubuta labaran nan lokacin da Birtaniya ke mulkin babban ɓangare na duniya, kuma warin raini yana tashi daga wasu shafukan. A cikin *The Sign of Four* na 1890, yadda Doyle ya siffanta mutumin tsibiran Andaman abin takaici ne, kamar ba ɗan Adam yake bayani ba. A takarda ido kan zame ya wuce. A kunne kuwa, idan mai karatu ya laƙanci wata murya ta ba'a don baƙo ko bara, abin yana suka. Ban daina sauraro ba, amma na daina nuna kamar ban ji ba, kuma idan zan ba yaro labarin nakan gaya masa tun farko abin da zai ci karo da shi.

5. Ƙarshen labari amana ne. Wasan kwaikwayon Christie mai suna *The Mousetrap* an fara nuna shi a Landan a 1952, kuma asalinsa ɗan gajeren wasan rediyo ne da BBC ta watsa a 1947. Har yau, idan an gama wasan, ɗaya daga cikin 'yan wasan yakan fito ya roƙi masu kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. Saboda haka ne ban bayyana muku abin da ya faru a gidan Roger Ackroyd ba. Wani ƙanena yana tsakiyar sauraronsa yanzu, kullum sai ya kira ni da sabon wanda yake zargi, jiya mai aikin gida, yau ɗan da ya gudu. Ni dai nakan ce masa ya ci gaba, ya kuma kula da batun kujerar nan.