Ranar da Talabijin Ta Cinye Mana Agogo

A hutun da ya wuce, mu uku 'yan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo muka koma gida Dogon Daji da niyyar koya wa ƙannenmu amsa tambayoyin JAMB a kwamfuta. Tun 2015 aka daina rubuta wannan jarrabawa da fensir da takarda, amma da yawa cikin yaranmu ba sa taɓa kwamfuta sai ranar jarrabawar.

Kwamfuta ɗaya gare mu, yara kuwa sun fi ashirin. Sai muka roƙi Kawu mai gidan kallon ƙwallo ya bar mu mu yi amfani da talabijin ɗinsa. Ya yarda, bisa sharaɗin mu sayi man janareta, kuma mu tashi kafin la'asar saboda akwai wasa.

Muka jona wayar HDMI, hoto ya fito, yara suka ɗauki tafi. Nan take murna ta koma ciki. Rubutu ya fito dishi-dishi, gefunan hoton kuma sun yanke. Agogon da ke ƙirga lokaci a sama ya ɓace, madannin zuwa tambaya ta gaba saura rabinsa. Wata yarinya ta ce, "Yaya, ko ta lalace ne?" Kawu ya haɗe rai ya ce tasa dai lafiyarta lau. Mai yana ƙonewa, gumi yana keto mana.

Ashe babu abin da ya lalace. Kowace fuska da ƙananan ɗigo take zana hoto, kuma kowacce da adadinta. Ta kwamfutarmu tana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, talabijin ɗin Kawu kuwa 1920 da 1080. Kwamfutar tana aika ƙaramin hotonta, talabijin tana jan sa kamar roba don ya cika fuskarta, shi ya sa rubutun ya dushe.

Muka danna madannin Windows tare da P, muka zaɓi "Second screen only", wato hoto ya koma kan talabijin kaɗai. Muka shiga "Display settings" muka tabbatar adadin yana kan 1920 × 1080. Rubutu ya fito tar, sai dai ya yi ƙanana ga na baya, don haka muka ɗaga "Scale" zuwa 150%.

Agogon dai bai dawo ba, domin wannan laifin na talabijin ne. Da yawansu suna ɗan faɗaɗa hoto su datse bakinsa, ɗabi'ar da suka gada daga tsofaffin akwatuna masu ƙusumbi. A ƙwallo ba a lura, a jarrabawa kuwa a bakin nan ne abu mai muhimmanci yake. Muka karɓi rimot, muka shiga wajen saita girman hoto, muka zaɓi "Just Scan". A wasu na Samsung sunansa "Screen Fit". Sai ga agogo a kusurwarsa yana ƙirgawa.

Kusan rabin awa muka ɓata, amma kafin kiran sallah kowane yaro ya zauna ya amsa tambaya biyar da hannunsa. Ƙannenmu, idan haka ta same ku, kada ku yi saurin cewa kaya ya lalace. Ku fara duba adadin ɗigon a kwamfuta, sannan girman hoto a rimot. Kawu ma ya sa mun rubuta masa matakan a bayan kalandarsa.