Riga mai rubutu mai tudu a kasuwar Dogarawa

Dogarawa tana bakin babbar hanyar kwalta wadda ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Madawa, kusa da Malbaza mai masana'antar siminti. Ƙasar albasa ce, don Galmi na nan dab da ita. In an kwashe albasa, kuɗi sun shigo hannu, sai cinikin tufafi ya tashi.

Ran kasuwa ka bi rumfunan masu riguna. Samari sun fi tsayawa wurin riguna masu rubutu a ƙirji da rigunan ƙwallo masu lamba a baya. Shafa rubutun da hannunka. Wani sumul yake. Wani kuwa ya yi tudu, ya kumbura kamar waina cikin tanda.

Mai tudun nan bugawa aka yi. Mai aikin yana da katako mai kusurwa huɗu, an ɗaure masa yadi mai ƙananan ƙofofi kamar rariyar tankaɗe. Sai ya toshe ƙofofin duka, ya bar siffar rubutun kaɗai. Ya ɗora bisa riga, ya zuba tawada mai kaurin kunu, ya ja ta da faifan roba, ta ratsa ta sauka. Tawadar da roba aka haɗa ta, an kuma sa mata wani magani mai kumbura in ya ji wuta. Sai an gasa rigar da zafi wajen digiri 160 kafin rubutu ya tashi ya kama. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa.

Ƴan uwa makiyaya, kun san irin wannan tun kaka da kakanni. Ku dubi rawani ɗan Kura. Can Kura, kusa da Kano, in an gama rini, sai a ƙara garin shuni, mabuga su yi ta bugu har yadi ya ɗauki walƙiya. Shunin bisa yadin yake zaune, shi ya sa yake zuba a goshi, mai rawani yana murna. Tawadar nan ma bisa yadi take zaune, amma ita in ta fara zuba, riga ta mutu.

Saboda haka kafin ka biya, ja yadin kaɗan daidai rubutun. In ya tsattsage, bai gasu ba, wanki kaɗan zai ɓare. Wurin wanki a juya rigar ciki waje, kada a buga ta ga dutse, kada a ɗora dutsen guga bisa rubutun, don roba narkewa take. A ganina, mai zuwa garka da bazara ya bar riga mai babban zane a gida. Iska ba ta ratsa roba, gumi a nan yake taruwa.