Wa Ke Ba Da Labarin?

A duk darussan da ake ɗora mana a makarantar nan, babu wanda ake yi wa kallon raini kamar GNS. Ɗan injiniya gani yake an raba shi da wakshof a banza, mu 'yan akanta kuma da mun duba mun ga yunit biyu ne sai mu ce Allah Ya ba mu C mu wuce. A cikin GNS ɗin ma akwai maraya, wato ɗan ɓangaren adabi da hukumar NBTE ta sanya cikin manhajar Turanci. Yawanci sai zango ya zo ƙarshe ake isowa kansa, lokacin da jadawalin jarrabawa ya riga ya fito, kowa na ta kansa, 'yan bencin baya duk sun duƙufa haddar wani kwas ɗin daban.

To ni dai ga shi saura 'yan makonni in gama ND II in tafi shekarar IT. In aka ce in ƙirga abin da zan fita da shi daga nan, bayan iya daidaita littattafan kuɗi, sai in ce wata 'yar tambaya ce da na tsinta a wannan marayan darasi: wa ke ba da labarin?

Littafin da aka ba mu shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Rabin ajin suka ce ai sun san shi tun sakandare. Abin da suke nufi shi ne sun san taƙaitawar nan ta shafi uku da ake samu wurin masu fotokwafi: Okonkwo jarumi ne, yana tsoron ya zama rago irin ubansa, Turawa suka zo, ya kashe ɗan saƙon kotu, ya rataye kansa. Da wannan za ka ci jarrabawa, ba musu. Malamarmu ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kowa ya nemo shafin ƙarshe kawai, ko da aro ne, ko hoto a waya. A shafin nan Achebe ya yi wani abu. Bayan ya zaunar da mu a Umuofia tun farkon littafi, mun ci doya da su, mun ga shari'arsu da bukukuwansu da muguntarsu, sai ya ɗauke mu cak ya jefa cikin kan Baturen mulkin da ya zo ganin gawa. Baturen yana rubuta nasa littafin a kan mutanen yankin, kuma a lissafinsa labarin mutumin nan ba lallai ya cika babi ba, sakin layi ɗaya ma ya isa. Malama ta rufe littafin ta ce, "To, ga mutum ɗaya, ga labari biyu. Wanda kuka haddace na shafi ukun nan, da wanne ya fi kama?" Ajin da ko malami na magana ba a rasa surutu, ranar sai da muka ji ƙarar fanka.

Akwai wata ƙawata 'yar ƙabilar Ibo da muke zama benci ɗaya. A hanyarmu ta komawa hostal ta ce mini karin maganar da muke ta ja wa layi muna cewa hikima, a gidansu kakarta na yin irinsu tana gyaran ganyen miya, ba ma mai ɗaga kai. Abin da ya taɓa ta shi ne wani ya ga maganar kakarta ta isa a buga ta a Landan. Na ce mata mu ma haka muke da namu, sai baƙo ya yaba muke waiwayowa.

Daga nan na kwashi tambayar na kai ta kan littattafan Hausa. Ni na tarar da ƙarshen zamanin hayar littafi a shagon unguwa, kafin komai ya koma waya, inda yanzu marubuciya ke sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, in ya yi daɗi ta ce sai an biya. Na karanta da yawa, masu kyau da na banza, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba, duk da masu cewa mai karatun littafin soyayya ba ta da aikin yi. Sai dai karatun gudu ne, na son a ga wa zai auri wa. Da na koma musu da tambayar Malama, sai na ga ashe tsofaffin marubutanmu sun daɗe da sanin wasan.

Ɗauki Magana Jari Ce. Tun muna firamare muke jin labaran ciki ɗaya-ɗaya kamar tatsuniya. Amma a littafi na farko aku ne ke ba da su, kuma da manufa yake bayarwa. Sarki ya tafi yaƙi, an bar Musa a gida, Waziri na ƙulla makirci, shi kuwa aku yana jan yaron da labari don kada ya fita ya faɗa tarko. Kowane labari igiya ce aka ɗaure yaro da ita. A Ruwan Bagaja kuma Alhaji Imam ne ke ba da labarin kansa da bakinsa, shi ya sa ko Malam Zurƙe ya yi masa ta'asa, mai karatu na gefen Alhaji. Wallahi ina son in ji yadda Zurƙe zai tsara labarin nan a tasa majalisar.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarunsu. A 1933 Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. An haifi Abubakar Imam a 1911, ke nan shekararsa 22 a lokacin, shekaruna cif. Tafawa Ɓalewa bai ma kai haka ba, don shi a 1912 aka haife shi. Mun saba ganinsu a hoto da manyan riguna, dattawa, har mun manta samari ne malaman makarantar midil sa'ad da suka rubuta abin da har yau ake yi mana jarrabawa a kansa. Sannan wanda ya nemi labaran jami'in mulkin mallaka ne da ke neman abin karantawa a makarantu. Wannan bai rage musu daraja a wurina ba ko kaɗan, amma ya ƙara wa tambayar reshe: wa ya ce a ba da labarin, kuma wa ake so ya ji?

Shaihu Umar shi ya fi wahalar da ni. Malami ne dattijo ke ba almajiransa tarihin rayuwarsa, cikin natsuwa, ba ɗaga murya, komai ya zo sai a miƙa wa Allah. Saboda wannan natsuwar, mutum na iya wuce abubuwa masu ban tsoro bai ankara ba. Makau, mijin uwarsa, mutumin kirki ne da aka yi wa ƙazafi a fada, kuma duk muna tausayinsa. To amma harin kamo bayi fa aka tura su. Mutanen da aka kamo suna da iyaye da gonaki da sunaye, babu wanda ya ba su baki a littafin. Sai kuma ita uwar Umar. An sace mata ɗa, ta fita nema ita kaɗai, aka yaudare ta aka mai da ta baiwa, aka keta hamada da ita, ta sha wuya iri-iri, da ƙyar ta sake ganinsa ya girma, ba a jima ba ta rasu. Shi Umar yana hannun Balarabe Abdulkarim yana karatu lokacin da duk wannan ke faruwa. Ba ya wurin. Abin da ya iso gare mu shi ne abin da uwa za ta iya faɗa wa ɗanta namiji, sannan abin da malami zai iya maimaitawa gaban ɗalibai. Duk macen da ke karanta wannan ta san tsakanin nan an zubar da abubuwa da yawa.

Ina jin shi ya sa Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya bambanta. Labarin sananne ne a kowace unguwa: magidanci ya samu kuɗi, ya auro wadda yake so, ya kori uwargida da 'ya'yanta. Da Alhaji Abdu ne zai ba da shi a bakin kasuwa, jimla biyu ce, mace ce marar haƙuri, ya sallame ta. Balaraba ta tsaya a ɗakin Rabi, ta sa muka ƙirga kuɗin cefane tare da ita, muka ga yadda ake ciyar da yara da sayar da abinci. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Littafin da wasu ke kira na kasuwa ke nan.

Aikin da Malama ta ba mu na rubutu shafi ɗaya ne tak: ka ba da labarin wani abu da ke faruwa a makarantar nan, amma ta bakin wanda ba kai ba. Ni na zaɓi matar da ke suyar awara a bakin get. Kusan shekara biyu ina saye a wurinta, amma layi uku na rubuta biro ya tsaya. Ƙarfe nawa take tashi? Nawa take sayen kwanon waken suya? In an tafi hutu ko yajin aiki, da me take ci? Dole na je na zauna a bencinta na ce, "Inna, yau ba saye na zo ba, tambaya ce." Ta yi dariya ta ce ko gwamnati ce ta aiko ni. Abin da ta fi daɗewa a kai ba tsadar mai ba ne, bashi ne. Ba ta rubutu, amma ta san wanda take bi tun ND I, ta san wanda ya gama ya tafi da kuɗinta, ta san masu sauya hanya in sun hango ta. Ta ce ba ta tsayar da kowa, don ɗan wani ne, kuma yunwa ce ta kawo shi. Mu a bakinmu labarin shi ne awararta ta ƙanƙance. A bakinta kuma, mu ne labarin.

Da Turanci na miƙa aikin, tunda darasin na Turanci ne, amma rabin daɗin maganarta ya zube a hanya. Sai na sake rubuta shi da Hausa don kaina, na ba 'yan ɗakinmu. A nan na lura da yawancinmu da muka tashi da Hausa a baki ba mu iya rubuta ta ba. Ba ƙugiya, ba raba kalma, a rubuta kofa ana nufin ƙofa, a rubuta baki ka rasa na magana ne ko launi ne ko masu zuwa daga nesa. Wannan maganar wata rana ce.

Wani zai ce me ya haɗa 'yar akanta da duk wannan. Ai shi ne aikin namu. Bayanin kuɗin da kamfani ke fitarwa ƙarshen shekara labari ne da lambobi, kuma wanda ya shirya shi yana da abin da yake so banki ko masu hannun jari ko hukumar haraji su gani. Dalilin da ya sa ake kawo odita daga waje ke nan, mutumin da aikinsa shi ne ya tambayi wa ya rubuta, me ya bari, ina rasit. Ban taɓa jin darasin odit ya zauna mini daram ba sai bayan na yi rigima da aku da Shaihu Umar.

Abin da ke damuna yanzu, a wannan lokaci na furojet, shi ne yawan rubutun da ba shi da mai shi. Kowa ya san yadda ake yi, ba sai na tona ba: a ɗauko na shekara biyar da ta wuce, a canza sunan ƙaramar hukuma, a canza shekara, a kai a ɗaure da baƙin bango. Haka logbuk ɗin SIWES, wata huɗu mutum na maimaita jimla guda kullum, alhali a wurin aikin ya ga abin da zai cika littafi. Na san uzurin, kuma ba na raina shi. Ba kuɗi, ba wuta, malami ɗaya na duba ɗalibai masu ɗimbin yawa, wani sa'in ma wanda ya yi nasa da guminsa shi ke shan jan biro fiye da mai kwafe. Duk da haka abin na ba ni takaici, don in mun fita, wasiƙar neman aiki da rahoton da oga zai ce a kawo kafin azahar ba su da tsohon kwafi a wurin mai fotokwafi. Kuma unguwanninmu cike suke da irin Inna mai awara, waɗanda in ba mu rubuta su ba, sakin layi ɗaya za su samu a littafin wani.

Ni dai na fara gwada wani abu a bayan littafin lakcata. Ina rubuta tafiyar wata uwa da aka keta hamada da ita a zamanin bauta, ta bakinta, da abin da ba za ta iya faɗa wa ɗanta ba. Na yi shafi huɗu na maƙale, don ban taɓa wuce Katsina ba, ban san yadda sanyin dare yake a rairayi ba, ban san warin salkar ruwa ba, ban san me ake ji in raƙumi ya durƙusa da mutum ba. Na san akwai 'yan Nijar a makarantar nan. In da ɗan Agadas a cikinku, ko wanda kakansa ya yi fataucin gishirin Bilma, don Allah ya bar mini saƙo wurin editan mujallar nan kafin a fara jarrabawa. Awarar ranar ni zan biya.