Tsofaffin kwamfutocin Kawu a Figil

Litinin, 1 ga Disamba 2025

Shagon Kawu yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Garwa ta nufi Marwa, inda motocin siminti ke kai da kawowa dare da rana. Abincinsa buga takardu ne da kwafi: takardar neman aiki, tambayoyin jarrabawa na malamai, rasit na 'yan kasuwa, da cike fom a intanet ga waɗanda ba su iya ba. Kwamfutoci biyu ke ɗauke da shagon, duka gwanjon Turai da suka shigo ta Duwala. Babbar tana kan Windows 7, ƙaramar kuwa XP ce. Ƙanwata, 'yar Kawu, ita ke kan madannai tun safe har magariba.

Ƙorafin da na tarar shi ne babbar ta daina buɗe kusan kowane shafi. Duk inda aka nufa sai Chrome ya fito da gargaɗi da Faransanci cewa hanyar ba amintacciya ba ce. Masu neman cike fom suna zuwa suna komawa. Kawu ya ce, "Ɗana, an ce mini ta mutu, in nemi wata. Duba mini tsakaninka da Allah."

Kafin in taɓa komai na kalli kusurwar allo ta ƙasa. Agogo na cewa muna watan Janairu na 2009. Ƙanwata ta ce kullum in aka ɗauke wuta haka yake komawa, ita kuma ba ta damu ba tunda akwai agogo a wayarta. To kowane shafi amintacce yana da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma burauza tana duba ta kamar yadda jandarma ke duba katin ɗan ƙasa a shingen hanya. In kalandar mai dubawa ta tsaya a 2009, katin da aka yi a 2025 jabu ne a wurinsa.

Na kwance murfin. Ƙurar da ke ciki fara ce tas, ta daskare a kan fankar har ba a ganin fikafikanta. Garin farar ƙasa da marmara ne, ga hunturu ya shigo. Na fitar da ita waje na goge da burushin fenti. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, CR2032, mai kama da kwabo, ya kamata ya ba da volt 3, amma mita ta nuna ya kusa ƙarewa. Wajen mai gyaran agogo a kasuwa na samo sabo. Da na saita kwanan wata, shafuka da dama suka buɗe. Kawu ya yi hamdala, na ce masa da sauran aiki.

Talata

Shafukan da suka ƙi buɗewa jiya har yau suna nan a rufe, kuma cikinsu akwai waɗanda ƙanwata ta fi bukata. Wannan karon ba laifin agogo ba ne.

Abin da ya faru ya samo asali ne daga ranar 30 ga Satumba 2021. A ranar wa'adin wata tsohuwar takardar shaida ta tushe mai suna DST Root CA X3 ya cika. A kanta ne Let's Encrypt, wadda ke ba miliyoyin shafuka shaida kyauta, ta jingina shekara da shekaru. Magajiyarta ita ce ISRG Root X1, kuma na'urorin da ke karɓar sabuntawa sun same ta ba tare da masu su sun ma sani ba. Wannan kwamfuta ba ta same ta ba. Wanda ya ɗora mata Windows ɗin tun can baya ya toshe duk wata ƙofar sabuntawa, ta Windows da ta Chrome, wataƙila don kada su cinye data. Na fahimci dalilinsa, domin a nan kowace megabait kuɗi ce. Amma shi ya sa na'urar ta tsaya cak a shekarar da aka ɗora ta, duniya ta wuce ta bar ta.

Ko da an sabunta Chrome, iyakarsa a Windows 7 shi ne na 109, wanda ya fito a Janairun 2023. Daga nan Google bai ƙara ba. Na fi karkata ga Firefox 115 ESR, saboda dalili biyu: yana tafe da nasa kundin takardun shaida ba ya dogara da na Windows, kuma Mozilla ta yi ta ƙara masa wa'adin gyare-gyaren tsaro saboda masu tsofaffin na'urori. Na sauko da cikakken fayil ɗin a wayata, na 32-bit don shi ne irin Windows ɗin da ke kai, na tura ta igiya.

Ya ƙi hawa.

Tun daga Firefox 100, a watan Mayun 2022, sa hannun da ke kan fayil ɗin ya koma na SHA-256, wanda Windows 7 ba ta iya karantawa sai an yi mata wani gyara na 2019. Wato sai an sabunta kafin a samu burauza, ga shi kuma babu burauzar da za a sauko da sabuntawar. Duk wanda ya taɓa tayar da tsohuwar Windows 7 ya san wannan kewayen. Mafita ɗaya ce, a kawo kayan daga wata na'ura.

Laraba

Da safe na gwada Windows Update don in ga ko zai yi abin kirki. Ya yi ta juyawa, can ya tsaya da lambar 80072EFE. Na bar shi.

Na duba na tabbatar akwai Service Pack 1 na 2011 a kai, domin in babu shi babu abin da zai hau. Daga kundin sabuntawa na Microsoft na sauko da fayil biyu a waya: KB4490628, wanda ke gyara injin da ke ɗora sabuntawar kanta, da KB4474419 mai koya wa Windows karanta sa hannun SHA-2. Wurin zaɓe ne mutane ke faɗuwa. Kowace lamba tana da layi da yawa, na x86 da na x64, na Windows 7 da na Server 2008. In ka ɗauki wanda ba naka ba, cewa kawai zai yi wannan sabuntawa ba ta dace da kwamfutarka ba, ba zai gaya maka dalili ba.

Na farko ya hau lafiya. Na biyu ya nemi a sake kunnawa, allo ya yi shuɗi yana ƙirga kaso, da gargaɗin kada a kashe kwamfuta. Yana tsakiyar ƙirga aka ɗauke wuta.

Gabana ya faɗi, don na san abin da yankewa a wannan gaɓar ke iya jawowa. Wutar yankin nan yawancinta daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma mutanen Figil sun saba tsara aikinsu da zuwanta da tafiyarta. Kawu ya miƙe zai tayar da ɗan janareto. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri ku bar shi. Wutarsa hawa da sauka take yi, gara mu jira." Muka zauna a benci a ƙofar shago. Wata mata ta zo da takardun ɗanta a leda tana son a cike masa fom, ƙanwata ta karɓi lambar wayarta ta ce za ta kira ta. Matar ta ce daga ƙauye ta taso a kan babur. Wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai a yau. A wani wuri mai nisa an yanke ranar da za a daina kula da wata manhaja, ita kuma ta biya kuɗin babur zuwa da komawa ba ta samu biyan bukata ba.

Wuta ta dawo bayan la'asar. Windows ta tashi, ta ce sabuntawa ba ta kammala ba, ta warware abin da ta fara da kanta. Na sake ɗorawa, ya hau. Firefox ya bi baya ba gardama. Shafin da ya fi ba ƙanwata wahala ya buɗe, ta ɗauki waya nan take ta kira matar.

Alhamis

Yau ranar direbobi ce. Tun zuwana na lura rubutu a allon ya yi faɗi, da'ira ta zama ƙwai, ga babu sauti. Ƙanwata ta ce haka ta same ta, har ta saba. A cikin jerin kayan na'ura akwai alamar rawaya a wuri biyu, katin hoto kuma yana tafiya da direban gama-gari na VGA, wanda ba ya sanin girman allo.

Babu faifai, babu takarda, sunan da ke jikin akwatin ma ya goge. Amma kowane guntun ƙarfe a ciki yana faɗin sunansa da lamba in an san inda za a duba. A cikin bayanan kayan akwai layi mai VEN da DEV. Lambobi huɗun da ke bayan VEN na kamfanin da ya ƙera ne, na bayan DEV kuma na samfurin. 8086 Intel ke nan, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Na sa ƙanwata ta karanto mini su ina rubutawa, don ta ga yadda ake yi. Hoton na Intel ne, sautin na Realtek.

Neman fayil ɗin ya fi gano sunan wuya. Kamfanoni da yawa sun kwashe tsofaffin direbobi daga shafukansu, wurin kuma ya cika da shafukan 'yan damfara masu manyan maɓallai kore, kowanne na alkawarin zai gyara maka direbobi duka da dannawa ɗaya. Ba na yarda da su ko kaɗan. Abin da suke ɗorawa talla ce da ƙwayar cuta, kuma na'ura mai RAM giga 2 ba ta da ƙarfin ɗaukar ko ɗaya. Na bi ta lambar da ke jikin babban allon ciki na gano ainihin samfurin kwamfutar, na samu direbobin a rumbun kamfanin da ya haɗa ta. Bayan sake kunnawa allon ya daidaita. Ƙanwata ta buɗe wata wasiƙa ta ce ashe shafi guda yana iya fitowa gaba ɗaya.

Da yamma wani malamin Islamiyya ya kawo rubutun Hausa yana son a buga masa da ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata. Windows 7 tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta, na kunna shi. Sai dai ya bi jerin Ingilishi, madannan shagon kuwa na Faransanci ne, don haka A da Q sun yi musanya, Z da W ma haka. Na yanka 'yar takarda na manna a gefen allo da jerin haruffan da suka sauya wuri.

Juma'a

Bayan an sauko daga masallaci na koma kan ƙaramar. Wani malamin makaranta na zaune ya rafka tagumi. Ya sa filas ɗinsa a cikinta, duk tambayoyin da ya shirya wa 'yan ajin jarrabawar BEPC sun ɓace, sai gajerun hanyoyi marasa komai. Tsohuwar cutar filas ce, wadda ke ɓoye fayiloli ta ajiye na bogi a madadinsu. Na ce, "Malam, kada ku danna ko ɗaya, aikinku na nan." A baƙar tagar umarni na rubuta attrib -h -r -s /s /d a kan filas ɗin, manyan fayilolinsa suka dawo. Ya daɗe yana sa albarka.

Cutar a cikin XP ɗin take zaune, duk filas da ya shiga sai ya ɗauka ya kai gida ko makaranta. Na share ta, na kashe buɗewar filas da kansa. Amma maganar intanet a wannan na'ura ta ƙare. Microsoft ta daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014. Chrome ya tsaya mata a 49, Firefox a 52. A watan Mayun 2017, da ƙwayar cutar WannaCry ta rufe kwamfutocin asibitoci a Ingila, sai da Microsoft ta fitar wa XP gyaran gaggawa duk da ta riga ta sallame ta, kuma ba abin da za a zauna ana jira ba ne. Na zare igiyar intanet daga bayanta na naɗe na ba Kawu. Tana buga takarda da kyau, tsohuwar firintar ma da ita ta fi jituwa. Wannan aikin za ta iya yinsa shekaru, muddin ba a haɗa ta da waje ba.

Asabar

Kawu ya sa aka kawo shayi, ya ce in gaya masa gaskiya. Na ce babbar tana aiki, amma gyaran tsaro na kyauta na Windows 7 ya tsaya tun 14 ga Janairu 2020, kuma duk ɓarakar da aka gano bayan nan a buɗe take. A cike fom, a buga takarda. Kada a shiga asusun banki a kanta, kada a bar burauza ta riƙe kalmar sirrin kowa, kuma hoton katin ɗan ƙasa ko takardar haihuwa da aka ɗauka wa mutum a goge shi da zarar ya tashi. Na tarar da irin waɗannan hotuna jibge a kan allo, na mutanen da suka amince wa shagon da sirrinsu.

Ya ce wani ya ba shi shawara ya sa Windows 10. Na ce ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma giga 2 ba zai ɗauke ta da daɗi ba. Windows 11 kuwa tana neman TPM 2.0 da injin zamani, injin wannan kuwa Core 2 Duo ne, ba ya cikin lissafi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ashe ƙarfen lafiyarsa lau, a can ne aka gaji da shi." Na ce haka ne, Kawu.

Sai na kunna musu wani tsarin daban, Linux Mint, daga filas ba tare da na taɓa abin da ke ciki ba, don su gani da idonsu. Hoto da sauti da intanet duk suka tashi babu neman direba, Firefox na yanzu ya buɗe komai. Ƙanwata ta buɗe wata takardar kwastoma a LibreOffice, tebur ya ɗan goce, layin ƙarshe ya tsallaka shafi na biyu. Ta ce malamai da Word suke kawo aikinsu, kuma ba za su saurari bayani ba in takarda ta fito a karkace. Tana da gaskiya, ita ce ke fuskantar su. Muka tsaya a kan raba faifan gida biyu: Windows 7 don Word da bugawa, Mint don duk abin da ya shafi intanet. Hakan na bukatar ƙarin RAM, kuma a Garwa za a same shi.

Lahadi

Na kwafe Firefox da fayilolin KB biyu da direbobin a sabon filas, na ce kada a sa shi a na'urar kowa. A bayan littafin rasit na rubuta wa ƙanwata jerin aikin yadda ya bi: agogo, Service Pack 1, KB4490628, KB4474419, burauza, direbobi. Ta karanta ta tambaye ni in agogo ya sake komawa baya fa. Na nuna mata inda batirin yake da ɗan ƙarfen da ake turawa ya fito, ta cire ta mayar da hannunta, sannan ta saita kwanan wata da kanta.

Na zare RAM ɗin na duba irinsa don kada in sayo wanda ba zai shiga ba, DDR2 ne. Kawu ya ba ni kuɗinsa, ya ce in tambayo masa farashin ƙaramin batirin ajiyar wuta, ko da mai riƙe minti goma ne.