Nguru, Inda Magana Take Ɗaure Mutum

Da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, cuɗanya ta ƙaru tsakanin Mangawa da Hausawa da Badawa da Fulani, auratayya ta biyo baya. Baƙo in ya ji ana shirin wushe-wushe, to bikin Barebari ne. Amma kafin biki akwai baiko da sa rana, kuma dattijon da ya karɓi goro ya janye, labarinsa sai ya kai Gashuwa. Ba banza ake cewa ɗaurin aure ba, har ana lissafa igiya uku. Mutanen Sifen ma haka suke gani: budurwar da aka yi wa baiko prometida ce, wato wadda aka alkawarta. Matar aure esposa, jam'in kalmar kuwa, esposas, shi ne sunan ankwar 'yan sanda.