Jijjigar da muka ɗauka ta iska ce

Cikin fari ne, ya shiga wata takwas, iyalina ta fara kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita. Ta ce kanta na sarawa, tana gani dishi-dishi, ga zafi a ƙahon zuci. Ni mai taƙama da ɗan bokona a ƙauyenmu na ƙasar Roni, nan take na yanke hukunci cewa olsa ce. Na sayo mata farin ruwan maganin nan na kemis, na ce awo ya jira a gama girbi.

Da asuba jijjiga ta kama ta, tana taune harshe. Muka ce iska ce, aka yi hayaƙi, aka yi tofi. Sai da ta sake faɗuwa muka nemi mota zuwa Kazaure.

Ma'aikaciyar jinya ta auna jininta, ta dube ni. "Malam, tun yaushe take wannan kumburin?" Na sunkuyar da kai.

Hawan jinin masu juna biyu ne ya kai ta ga jijjiga. Aka yi mata allurar magnesiyam salfet ta jijiya da ta ɗuwawu. Ma'aikatan jinya suna dawowa a kai a kai suna ƙirga numfashinta, suna buga mata gwiwa su ga ko ƙafa za ta harba, suna auna fitsarinta, domin idan maganin ya yi yawa yana danne numfashi. Jijjigar ta tsaya, aka ciro jaririn, dukkansu suka rayu.

Allurar ba sabuwa ba ce. A 2002, binciken Magpie a kan mata fiye da 10,000 a ƙasashe 33 ya nuna tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Da aka shigar da ita asibitocin gwamnati goma a Kano a 2008, mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan 21 cikin 100 zuwa kusan 2.

Magani yana nan, mai araha. Ni ne na tsare hanya, don mace a wajenmu ba ta zuwa asibiti sai da yardar maigida da kuɗin motarsa. Addu'a a cikin mota ma ana yin ta. Duk mai cikin da ta kumbura a fuska, ko ta yi kukan ciwon kai da dishin ido, a kai ta a auna jininta a ranar, ko da hatsi na zube a gona.